Sallamar Baba da Bindiga a Kafaɗa

Babana ya yi shekaru ba ya yi wa kowa sallama. Wanda bai san zaman Nima, unguwarmu a Accra, ba zai ɗauka ƙaramin abu ne. A wajenmu namiji ba ya kutsa kai gidan mutane haka kawai. Sai ya tsaya a bakin ƙofa ya yi sallama, mata su jawo mayafi, sannan a ce masa ya shigo. Wanda ya daina sallama ya daina shiga gidan kowa ke nan: ba suna, ba duba mara lafiya, ta'aziyya ma sai dai a kan benci a waje. Ko gidanmu in ya dawo, gyaran murya yake yi ya ja takalmi a ƙasa, mu gane shi ne. In an yi masa sallama yana amsawa, don amsawa wajibi ce. Amma a ce daga bakinsa ta fara fitowa, wannan ya wuce.

Kuma wannan mutumin shi ne ladanin masallacin lungunmu tun kafin a haife ni.

Kakana ɗan sandan Bature ne, daga arewa aka kawo shi, ya gama aiki ya kafa ɗaki a Nima. Ya so Baba ya gaje shi, Baba ya ƙi sa kaki, ya zaɓi masallaci. Ban da kiran salla, shi ke raba goron unguwa. In an haihu ko za a ɗaura aure, a hannunsa ake danƙa ƙullin goro, ya bi gida gida yana sanarwa. Sallamarsa daban take da ta kowa, yana janta kamar zai kira salla, har yara suna kwaikwayonsa a bayan idonsa. Mmata, wato mahaifiyata, 'yar Damagaram ce da ba ta raga wa kowa, takan ce masa, "Malam, sallama kake yi ko wa'azi? Kafin ka gama tuwo ya huce." Duk ƙofar da ta ji wannan murya buɗewa take yi, ba a tambayar ko wane ne. Abin da aka zo aka ɗauka ke nan daga wajensa.

A ƙarshen lungunmu, bayan famfo, akwai gidan Hajiya mai waakye. Shinkafa da wakenta har daga New Town ake zuwa saye, kuma direbobin trotro, motocin hayar nan masu zuwa Circle, a wajenta suke karyawa. Mijinta ya rasu da daɗewa, ya bar ta da 'ya'ya mata da ɗan auta namiji. Tare muka yi makarantar allo da autan nan. Ba zan yi masa ƙarya don ya mutu ba, yaro ne mara jin magana. Ya girma ya shiga cikin wasu samari da ake cewa suna ƙwace babura a wajen Circle. Ko ya yi, ko bai yi ba, ban gani da idona ba. Abin da na sani shi ne an fara nemansa, Hajiya kuma ta sa wa gidanta ƙofar ƙarfe, tana zura sakata ko da rana tsaka.

Lungunan Nima ba sa karɓar baƙo. Wani wurin sai ka karkata kafaɗa kafin ka wuce, ka tsallake kwata, ka bi ta bayan bayin wani, ka ɓulla tsakar gidan wani. Masu kaki sun san haka. Sun san kuma in suka buga ƙofar ƙarfen nan da gindin bindiga, kafin ta buɗe yaro ya bi ta kan kwano ya faɗa unguwar Maamobi.

Ranar da hantsi ne, ina layin famfo da galan biyu. Sai na ga mata suna janye bokitansu gefe ba tare da kowa ya ce uffan ba. Na ɗaga kai na ga Baba yana tahowa da ƙullin goro a hannu, yana wata irin tafiya da ban san shi da ita ba, kamar wanda ƙafafunsa ba nasa ba ne. A bayansa akwai masu kaki a jere, don lungun ba ya ɗaukar mutum biyu kafaɗa da kafaɗa. Na farkonsu ya murɗe bayan rigar Baba a hannunsa, ya ɗora bakin bindiga a kan kafaɗarsa ta dama, dab da kunne. Duk wanda zai jefo dutse ko ya harbo daga gaba, Baba zai fara samu. Na buɗe baki zan kira shi, wata mata ta toshe mini baki da hannunta mai warin sabulu.

Suka tsaya a ƙofar Hajiya. Wanda ya riƙe rigar ne ya yi magana, da Hausa ya yi ta, Hausa irin tamu ta zango, ba ta makaranta ba.

"Malam, yi sallama yadda ka saba. Kar ka canza murya."

Wannan ne ban taɓa yafewa ba. Baƙo bai san darajar sallamar ladan ba. Sai ɗan gida, wanda ya ci goron suna a wani zango, wanda uwarsa ma take jawo mayafi in ta ji malami a ƙofa, shi ne zai san da wane mabuɗi ake buɗe gidan Hajiya.

Na ga hannun ya ƙara murɗe rigar har wuyanta ya shaƙe shi. Sannan ya yi sallama, ya ja ta kamar kullum.

Daga ciki Hajiya ta amsa da fara'a. "Malam ne? Wa ya haihu kuma? Ina zuwa."

Muka ji ƙarar sakata. Suka tura Baba ciki da ƙarfi, suna bayansa, goro ya watse a bakin ƙofa. Daga inda nake na hango autan ya taka randa ya kama katanga, ya kai gwiwa ɗaya kan kwano. Harbin daga kan kafaɗar Baba ya tashi. Yaron ya faɗo cikin tsakar gida, kuma bai kai asibiti da rai ba.

Da za su tafi, mai Hausar nan ya saki rigar Baba, har ya gyara masa ita da tafin hannu, ya ce da ƙarfi a gaban duk mutanen da suka taru, "Malam, mun gode. Ka tafi gida."

Baba bai ji wannan godiyar ba, don kunnensa na dama ya mutu a wannan harbin, na hagun ma sai da ya kwana biyu kafin ya dawo. Amma unguwa ta ji.

Kafin la'asar labari ya canza kaya. Wai Malam ne ya kawo su. Wai an gan shi yana nuna musu hanya. Wai ai har godiya suka yi masa, wa ake yi wa godiya in ba wanda ya yi aiki ba? Samarin da ke zama a kan benci suna dafa shayin ataya, waɗanda ranar ko inuwarsu ba a gani ba don sun shige ƙarƙashin gadon iyayensu, su ne suka fi kowa baki. "Chale, abokina, in ni ne, sai dai su kashe ni." Haka suke faɗa suna kurɓar shayi. Manyan ma ba su fi su ba, sai dai su sun iya lulluɓe magana. Wani dattijo ya ce wa Mma, cikin tausasa murya, ai da Malam ya ɗan sauya sallamar, ko ya yi tari, da Hajiya ta gane. Mma ta ce masa, "Alhaji, an taɓa ɗora maka bindiga a kunne ka gwada tarin?" Bai sake zuwa gidanmu ba.

Ranar addu'ar yaron Baba ya sa farar rigarsa ya tafi. Hajiya ta aiko babbar 'yarta ta tare shi a bakin famfo, ta ce uwarta ta ce don Allah kada ya ƙaraso. Ya juyo. Ya ninke rigar ya mayar cikin akwati.

Ya ci gaba da raba goro na ɗan lokaci. Ni na raka shi sau ɗaya, na ga abin da ke faruwa. Zai yi sallama, sai a yi shiru. Sai ka ga labulen taga ya motsa, ido yana leƙen bayansa, ba fuskarsa ba. Sai an tabbatar lungu ba kowa sannan a amsa. Gidajen da ya yi wa 'ya'yansu huɗuba a kunne ne suke yi masa haka. Daga baya masu haihuwa suka fara ba wani goron. Sannan dattawan masallaci suka zo gidanmu su uku, suka zauna suka sha ruwa, suka ce kunnen Malam ya sa muryarsa tana karkacewa, gara ya huta, ga wani saurayi da ya iya na'urar lasifika. Ƙarya suke yi. Muryarsa ba ta karkace ba, ni ina jinta kullum da asuba. Ba sa son jinta ne, don tana tuna musu ranar da suka tsaya suna kallo.

Daga nan ya rufe bakinsa. Mma ta rasu yana cikin wannan hali. Na yi aure, aure ya mutu, na dawo gida, na buɗe shagon ɗinki a bakin titin Maamobi, yana cikin wannan hali. Hajiya tana nan tana sayar da waakye, in ta hango shi sai ta sunkuya cikin tukunya kamar mai neman wani abu. Ni kuwa na daina cin waakyenta, na daina gaishe ta, kuma ba na ɓoyewa. Mutane suna cewa na gaji bakin Mma. Ban musa ba.

Shekaru suka wuce, sai yaƙin Gaza ya shigo mana cikin waya.

Kowa a zango ya zama ɗan Falasɗinu. Masu okada suka ɗaura tuta a madubin babur, samari suka yafa gyale mai baƙi da fari a wuya cikin zafin Accra, a shagona kuwa har ɗinkin tutar aka riƙa kawo mini. Ba na raina wannan. Ni ma na yi kuka a kan yaran da ake zaƙulowa daga ƙarƙashin gini, na kasa cin abinci ba sau ɗaya ba. Amma wata rana wata mai kawo ɗinki ta miƙo mini wayarta ta ce, "Duba abin da azzaluman nan suke yi." Na karɓa da almakashi a hannuna.

Wani tsoho ne mai furfura, an ɗaure masa hannu, yana tafiya a wani lungu da ya cika da ɓaraguzai. A bayansa sojoji ne a jere, sun rage tsawo, kowanne ya ɓoye kansa a bayan na gabansa, na farkon kuma ya ɓoye a bayan tsohon. Suka tsaya a wata ƙofa. Aka zungure shi. Ya ɗaga kai ya buɗe baki yana kiran na ciki. Ban ji abin da ya ce ba, sautin ya lalace, amma ban buƙaci ji ba. Tafiyar na gane tun kafin su kai ƙofar. Ita ce tafiyar da na gani daga layin famfo.

Daga ranar na shiga bin labarin kamar mai ciwo yana taɓa miki. Na ga wani mai rauni an ɗaure shi a gaban motar sojoji ana ratsa unguwa da shi. Na ji a rediyo wasu da aka sako suna ba da labarin yadda ake tura su cikin gida ko rami su fara shiga, in akwai nakiya ta tashi da su, in akwai mai harbi ya fara da su. Masu rediyo suna da sunan abin, wai mayar da farar hula garkuwa. Manyan sojojin kuma suna cewa dokarsu ta hana, kuma ai mayaƙan can ne suke ɓuya a cikin jama'a. Wani mai okada ya kawo mini wannan maganar a shago yana son mu yi gardama. Na ce masa ni ba ni da gardama. Duk mai makamin da ya laɓe a bayan wanda ba shi da makami matsoraci ne, ko kaki ya sa ko rawani, ko a Gaza ko a bayan famfonmu. Kuma ba jikin mutum kaɗai suke ara ba. Suna zaɓen wanda maƙwabta suka yarda da shi, su kashe wannan yardar a bakin ƙofa ɗaya, su hau mota su tafi. Shi kuma a bar shi ya ci gaba da zama a unguwar.

Abin da ya fasa mini zuciya ya faru ranar wata Juma'a. Liman ya yi huɗuba a kan Falasɗinu, ya kawo maganar tsofaffin da ake sawa a gaba. Ya ce wanda aka tilasta da makami ba shi da laifi a wajen Allah, laifin yana wuyan wanda ya tilasta shi. Masallaci ya ɗauki kabbara. A sahun gaba, ta tagar da ke raba mu da maza, ina hango biyu daga cikin dattawan nan uku suna gyaɗa kai. Baba yana can sahun ƙarshe kusa da takalma, inda ya mayar wurin zamansa, ya karkato kunnen hagu. Da aka sallame na juya, sai ga Hajiya a jingine da bango, wayar jikarta a hannunta, tana kallon tsohon nan mai furfura, hawaye yana bin fuskarta. Tana cewa, "Bawan Allah. Dubi yadda suka yi ma bawan Allah."

Ban san lokacin da na miƙe ba. A Hausarmu ta Nima mace da namiji duk "kai" ne, da ita kuma na yi mata magana, a gaban mata.

"Hajiya, wannan tsoho da kana kuka ma shi, ka san shi?"

Ta ɗago ta dube ni.

"Ba ka san shi ba kraa, ko kaɗan. Ba ka taɓa cin goro daga hannun shi ba. Amma shi bawan Allah ne. Baba na fa? Shi bawan wa ne? Bindiga da suka sa ma shi a kunne, na roba ne?"

Magajiyar mata ta kama hannuna. "Yi haƙuri, masallaci ne."

Na fizge. "Masallaci ne paa. Nan ne ya yi kiran salla tun ba a haife ni ba, nan ne kuma suka kore shi. Kuna kuka ma na nesa don na nesa ba zai zo ya tsaya a ƙofan ku ba."

Na yi tsammanin Hajiya za ta zage ni, har na shirya amsa. Ba ta zage ni ba. Ta kife wayar a cinyarta, ta share fuska da bakin mayafi, ta yi magana a hankali har sai da mata suka yi tsit don su ji.

"Wannan tsoho, ba ni ne a cikin ɗakin da ya kira ba. Na Malam, ni ne na cire sakata. Da hannu na. Ina dariya ma, ina tambaya wa ya haihu." Ta ɗaga hannun ta dube shi. "Yaro na ya ce, Mma kar ka buɗe. Na ce Malam ne. Tun ranan nan in na ji muryan baban ka, wannan hannu ne yake tashi."

Ta dafa bango ta miƙe, ta nemi takalmanta. A bakin ƙofa ta juyo ta ce, "In yana da magana, ya san ƙofa na."

Na koma gida, kuma ba zan ce fushina ya sauka ba. Ya dai rasa inda zai dafa ne. Na tarar da Baba a tsakar gida yana jan carbi. Labari ya riga ni isowa, a Nima labari ba ya jiran trotro. Ya ce, "An ce kin yi wa'azi a sashen mata." Ban yi dariya ba. Na zauna ta gefensa na hagu, na buɗe waya na sa masa hoton tsohon nan a hannu. Ban taɓa nuna masa ba sai ranar.

Ya kalla har ƙarshe. Ya ce in mayar masa farko, ya sake kalla. Da aka zo inda tsohon ya ɗaga kai ya yi kira, Baba ya sa yatsa a kan gilashin.

"Kin san me yake yi a nan?"

Na ce yana jin tsoron bindiga.

"A'a. Bindiga tun a hanya aka gama jin tsoronta. A nan roƙon Allah yake kada kowa ya amsa." Ya miƙo mini wayar. "Ni ma na roƙa. Na ce ya Allah ka sa ta tafi kasuwa."

Iyakar abin da ya taɓa faɗa mini a kan ranar ke nan, a duk tsawon shekarun.

Na gaya masa abin da Hajiya ta ce. Ya ce a bar maganar. Ban bari ba. Da safe na tayar, da dare na tayar, in kawo masa koko in tayar. Na ce Mma ta mutu ba ta ga an wanke shi ba, ni ba zan yarda in binne shi a haka ba. Na ce ai Hajiya da bakinta ta ce ya san ƙofa. Na ce so nake unguwar nan duka ta ga ƙofar ƙarfen nan ta buɗe masa, dattawan nan su ji kunya, masu ataya su haɗiye harshensu. Ya ce, "Ke dai kina son ki ci yaƙi." Na ce eh, ina so. A ƙarshe ya gaji da ni. Wata safiya ya buɗe akwati ya ciro farar rigar nan, ta yi layin ninki, ya sa.

Da hantsi muka fita. Ya tsufa, ƙafarsa ba ta da ƙarfi, lungun kuma yana nan yadda yake, ba ya ɗaukar mutum biyu a jere. Shi ne a gaba, ni a baya. Wajen tsallake kwata ya yi tangaɗi, na kama bayan rigarsa don kada ya faɗi. Matan da ke layin famfo suka janye bokitansu, suka bi mu da ido. Na ji daɗin haka, ina so su gani.

Muka tsaya a ƙofar. An sake mata fenti, amma ita ce. Baba ya daɗe yana kallonta. Na ce masa a kunnen hagu, "Baba, yi mana." Ya ja numfashi, ya yi sallama. Muryar ta fito da ƙarfi fiye da yadda ya nufa, irin ta wanda ba ya jin kansa sosai, ta tsage a tsakiya, amma ya ja ta har ƙarshe kamar da. Idona ya cika da hawaye.

Muka ji an ajiye ludayi a kan murfin tukunya. Muka ji takun silifa ya matso har bayan ƙofa ya tsaya. Aka amsa sallamar can ƙasa-ƙasa. Sannan Hajiya ta ce:

"Malam, kai kaɗai ne?"

Baba ya juyo a hankali ya dubi bayansa, ta kan kafaɗar dama. Na bi idonsa na ga hannuna. Tun daga bakin kwata ban saki rigar ba, na murɗe ta a tafina har wuyanta ya ja baya.

Na saki. Na so in gyara masa inda ta yamutse, na tuna wanda ya taɓa yin haka, na janye hannuna. Na koma da baya har bakin famfo, na tsaya cikin mata inda na tsaya a wancan karon.

Baba ya jira sai da ya ga na yi nisa. Sannan ya juya ya fuskanci ƙofar.

"Ni kaɗai ne, Hajiya."

Sakatar ta yi tsatsa, sai da ta ja ta sau biyu kafin ta zare. Ya cire takalmansa ya shiga, aka tura ƙofa.

Ban san abin da suka faɗa wa juna ba, bai gaya mini ba, ban kuma tambaya ba. Ba a mayar masa da kiran salla ba. Dattawan nan ba su ji kunyar komai ba, ɗaya ma ya rasu ana yabonsa. Mai Hausar da ya ce a yi sallama yadda aka saba, wataƙila yana wani zango yanzu ya yi ritaya, ana kai masa goron suna. Tsohon Gaza kuwa ban san ko yana raye ba, ban san ko an amsa masa ba, kuma in yana raye ban san da wane ido maƙwabtansa suke kallonsa ba. In na tuna su sai in ji fushina yana nan inda yake, ko kaɗan bai ragu ba.

Na daɗe a bakin famfo ranar, har wata mata ta ce in ba ɗiban ruwa zan yi ba in matsa mata. Na matsa. Takalman Baba suna nan a bakin ƙofar Hajiya, ɗaya ya kife, ban je na gyara shi ba.